Fatake Uku, Jirgi Ɗaya

Mutumin da ya riƙe amana saboda an toshe masa hanyar cin ta, amintacce za a kira shi ko ɗaurarre? Na daɗe ina juya wannan tambaya. Na kai ta gaban waɗanda suka fi ni karatu, kowa ya ba ni rabin amsa ya riƙe rabi. Abin da na samu kawai wani labari ne, shi ma bai kwance ƙullin ba, ya dai nuna inda yake.

An ce wai a zamanin da ake fataucin goro da jakuna daga Gwanja, an yi wani alƙali a wani ɗan gari na bakin gulbi da ake kira Tungar Ƙirya, sunansa Haliru. Garin ba shi da wani arziki sai mashigi. Duk ayarin da ya biyo wannan hanya nan yake sauka, a fitar da shi zuwa ƙetare. Alƙali Haliru ba mai yawan magana ba ne, kuma an san shi da hali guda: ba ya yanke hukuncin da ya san ba za a bi ba. Yakan ce hukuncin da aka taka ya fi rashin hukunci ɓarna, don bayansa ba sauran abin da za a ji tsoro. Ikonsa kuwa a bakin ruwa ya tsaya. Ƙetaren gulbi ƙasar wani sarki ce, duk wanda ya taka wancan gaci ya fita daga hannunsa.

Wata shekara damina ta faɗi da wuri, sai ga wani ayari ya iso ba madugu. Zazzaɓi ya kayar da madugun a hanya, aka binne shi a wani zango. Ya bar manyan fatake uku, kowa da kayansa da jakunansa da mutanensa, kuma babu wanda ya yarda ya bi bayan wani. Akwai Jatau, Bakano, wanda ya fi su kaya da barori da faɗin rai. Akwai Arzika, dattijo Bazamfare, wanda ya yi furfura a kan wannan hanya. Sai Cindo, Bazazzagi, ƙaraminsu a shekaru da dukiya, babbansu a baki.

Ga yadda ake fito a Tungar Ƙirya. Jirgi ɗaya ne, na itace. Kaya a cikinsa ake jerawa. Jaki kuwa ba ya shiga jirgi, sai a sa masa igiya a tura shi cikin ruwa, wani daga cikin jirgin ya tallafe kansa, ya yi iyo a gefe har ƙetare. Wanda ya san jaki ya san ba a lallashinsa ya shiga gulbi. Sai ƙarti sun taru, masu ja na ja, masu turawa na turawa, wasu kuma suna can suna tarba. Mutanen falke ɗaya ba su isa wannan aiki ba. Dole a haɗa hannun ayari duka, a fitar da na wannan, sannan a koma kan na wancan.

Da madugu na da rai, shi ke cewa wane ya fara, wane ya biyo, kuma ba mai ɗaura wa jaki kaya a ƙetare sai ya ce a ɗaura. Yanzu babu shi. Ga shi kuma labari ya iske su cewa goro ya yanke a kasuwar birnin da ke gaba, har ana ɓantara ƙwaya ɗaya a raba wa dattawa a wurin ɗaurin aure. Wanda ya riga shiga da kaya, shi zai sayar yadda ya ga dama, wanda ya zo daga baya ya tarar an ƙoshi. Sai kowannensu ya yi shawara da zuciyarsa: in muka fitar da wane da farko, me zai zaunar da shi? Ɗaura kaya zai yi, ya kwashe mutanensa ya yi gaba, ya bar mu da jakuna a wannan gaci ba hannun turawa.

Saboda haka kowa ya ce shi ne farko, kuma ba wanda ya motsa. Suka zauna. Gulbi yana ƙaruwa, ganyen da aka naɗe goron da shi yana bushewa, tsutsar sankara ta fara leƙa huhunan goron.

Da Sarkin Jirgi ya gaji da kallonsu, sai ya tasa su gaba zuwa zauren alƙali. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ga baƙi na kawo maka. Jirgina yana tsaye, ruwa yana tafiya. Ka san saiwar ƙiryar nan ta bakin mashigi. Ranar da ruwa ya rufe ta, na ɗaure jirgi sai kaka, ko da uwata ce ke kirana daga wancan gaci. Abin da ya rage mata bai fi taƙi ba."

Alƙali ya dubi fataken ya ce su faɗi abin da ya tsayar da su.

Jatau ya gyara zaman rawaninsa. "Allah ya gafarta Malam, maganar ba ta da tsawo. Ni na fi kaya, ni na fi mutane, rabin hannun da zai yi aikin nan nawa ne. Kayana da jakunana su fara ƙetarewa. In an gama, mutanena su dawo su taimaki sauran."

"Su dawo?" in ji Cindo. "Malam, ka taɓa ganin Bakano ya ji ƙanshin kasuwa ya waiwayo? Ko liman ne, yana tsakiyar salla aka ce goro ya yi tsada, sai dai mamu su ƙarasa da kansu."

"Kai, rufe mana baki, bawan gidanmu," in ji Jatau. "Bazazzagi ya samu 'yan jakuna masu ƙuraje, har ya fara zama cikin manya. Ba don wasan da ke tsakaninmu ba, da tuni na sa an ɗaure ka da su."

Alƙali ya bar su har suka lafa, sannan ya ce, "Ga Alƙur'ani nan. Wanda zai fara ya dafa, ya rantse zai jira."

Arzika ya yi gyaran murya. "Allah ya gafarta Malam, ba zan hana kowa rantsuwa ba, amma ba zan tura jaki a kanta ba. Ina saurayi aka yi mini haka a wani mashigi. Abokin tafiyata ya dafa Littafi ya ce zai jira. Muka fitar da shi, ya ɗaga mini hannu daga ƙetare, ya yi gaba. Da na riske shi wata shekara, sai ya ce mini ai ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai. Shi ya wanke rantsuwarsa da tuwo, ni kuwa goron shekara guda na zubar wa kifi. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle."

"To, a yi ƙuri'a," in ji alƙali.

Cindo ya girgiza kai. "Ƙuri'a wanda za a cuta za ta nuna, Malam, ba za ta hana cutar ba. Ni dai in faɗa tun yanzu, in na ja guntun kara, cewa zan yi hannuna ne ya zame, a sake."

Sarkin Jirgi ya matso ya rage murya. "Allah ya gafarta Malam, ka ba da umarni kawai. Ai kai ne alƙali."

Alƙali ya san umarninsa zai shiga jirgi tare da wanda aka fara fitarwa, amma ba zai sauka tare da shi ba. Ya sallame su, ya ce kowa ya dawo shi kaɗai.

Jatau ne ya fara dawowa. Alƙali ya ce, "In ka riga su ƙetarewa, za ka jira?"

"Ni in na ce zan jira, zan jira. Su ne ban sani ba. Kuma kada ka ga laifina, Malam, ni a kan goro ban yarda da kowa ba. Babban barana ɗan ƙanwata ne, ni na yi masa aure, amma bai taɓa kwance huhu ba na tsaye a kansa ba. Inda kayana suka kwana, nan nake kwana."

"In an zo fitar da jakunan Arzika, za ka sa hannu?"

Jatau ya yi wata 'yar dariya. "Mutanena za su sa. Ni ban taɓa jiƙa wandona don jakin wani ba, ba kuwa zan fara da girmana ba. Ni da ruwa ma sai na buta."

Arzika ya shigo, aka yi masa tambaya iri ɗaya. Ya ce, "Zan jira, don na san ɗacin abin." Sai ya murza gemu. "Amma tun da mu biyu ne, Malam, bari in faɗa maka. In na ga ƙafata a wancan gaci, na tuna abin da aka yi mini, ban san abin da zuciya za ta raɗa mini ba."

Cindo kuwa bai ma bari an gama tambayar ba. "Da na tabbata su za su jira ni in su ne a can, wallahi zan jira su. Amma na san ba za su jira ba. To, in na jira wanda ba zai jira ni ba, mutumin kirki ne sunana ko wawa? Ka faɗa mini, kai ne mai karatu."

Da suka tafi, alƙali ya daɗe a zaune. Ya ga babu ɓarawo a cikin ukun nan. Kowa tsoro yake ji, kuma tsoron kowa shi ne hujjar ɗan'uwansa: wannan zai gudu don yana zaton wancan da gudu zai yi, wancan kuma ya san ana yi masa wannan zato. Littattafansa cike suke da hukuncin wanda ya ci amana, amma bai ga babin wanda bai ci ba tukuna. Ya yi tunanin ya tara su ya yi musu wa'azi. Ya san za su sunkuyar da kai, wani ma ya yi hawaye, kuma ya san wa'azin zai kai su tsakiyar gulbi ne ya ƙare. Ya yi tunanin ya ƙyale su, tun da ba wanda ya kawo ƙarar wani. Amma in ruwa ya rufe saiwar nan, goron duka zai ruɓe a gabansa, mutum uku su koma gida hannu rabbana, ba don an zalunce su ba, sai don babu wanda ya san yadda za a fara.

Bayan la'asar ya ɗauki sandarsa ya taka zuwa zango. Ya tarar da abin da ya saba gani tun yana yaro, abin da duk ayari ke yi in ya sauka. Kaya suna gefe guda, an ɗora su kan duwatsu an rufe da fatu, barori suna yayyafa musu ruwa suna tsince masu sankara. Jakuna suna can nesa cikin fadama da dabaibayi, suna kiwo. Masu kayan kuma kowa yana gindin tasa bishiya, ya juya wa 'yan'uwansa baya. Alƙali ya tsaya ya dubi kaya, ya dubi jakuna, ya dubi masu su. Wuri uku.

Sai ya gane inda ya ɓata. Tun safe tambayarsa ita ce wa zai fara ƙetarewa, kamar falke abu guda ne da ake ɗauka a ajiye. Ya aika a kira su gindin ƙirya, inda kowa zai iya ganin saiwar da ruwa ke lasa.

Da suka taru, da su da mutanensu, alƙali ya ce, "Ba zan rantsar da kowa ba, kuma ba zan nemi wani ya yarda da wani ba. Yarda ba ta zuwa da umarni. Amma ku saurara. Falke abu uku ne: kaya, da jaki, da mai kaya. Kaya ba ya tafiya ba jaki. Jaki ba ya kawo riba ba kaya. Su biyun kuma ba sa ciniki ba mai su. Ku uku ne, abin ma uku ne. Kowannenku zai bar ɗaya a wannan gaci har jirgin ƙarshe."

Ya juya wajen Jatau. "Ka nemi kayanka da jakunanka su riga na kowa gama ƙetarewa. Na ba ka."

Jatau ya washe baki. "Allah ya ƙara wa Malam basira. Ka ji, bawan gidanmu?"

"Ban gama ba. Da farko kayan Jatau za su shiga jirgi, jakunan Cindo su yi iyo a gefe. Bayan haka kayan Arzika su shiga, jakunan Jatau a gefe. Daga ƙarshe kayan Cindo su shiga, jakunan Arzika a gefe. Ka ga Cindo yana da jakuna a can, kayansa suna nan. Arzika yana da kaya a can, jakunansa suna nan. Kai kuwa, Jatau, komai naka yana can, kai kana nan. Ba za ka sa ƙafa a jirgi ba sai tare da kayan Cindo na ƙarshe da jakin Arzika na ƙarshe. Sarkin Jirgi, jirginka a wannan gaci yake kwana, a ƙarƙashin hukuncina. Ka ji abin da na ce?"

"Na ji, Allah ya gafarta Malam. Ko ya ba ni rawaninsa ba zan ɗauke shi ba."

Murmushin Jatau ya gudu. "In bar gorona ya kwana a wata ƙasa, ni ina nan ina kallonsa kamar maraya?"

Cindo ya yi tsaki. "Malam, ai wannan ba ɗauri ba ne. Ya ce wa ɗan ƙanwarsa ya ɗaura kaya ya yi gaba kasuwa, shi ya biyo baya yana kaɗa hannu."

"Jatau," in ji alƙali, "za ka aiki ɗan ƙanwarka kasuwa da goronka, ya kwance huhu, ya yi ciniki, kai kana nan?"

Jatau ya dubi baran nasa, baran ya dubi ƙasa. "Allah ya sawwaƙe," in ji Jatau.

Mutane suka fashe da dariya, har Arzika. Alƙali bai yi ba. Ya ce, "Ba igiyata na ɗaure ka da ita ba, taka ce."

Jatau bai saduda ba tukuna. "To, su fa? Kayan Arzika suna can, jakunan Cindo suna can. In suka haɗa baki, suka ɗora kayan wannan a kan jakunan wancan, suka bar ni?"

"Kafin su yi haka, sai Cindo ya bar goronsa duka a hannunka, ya yarda Arzika zai raba riba da shi a kasuwa. Sai Arzika ya bar jakunansa a hannunka, ya yarda Cindo ba zai sauke masa kaya a tsakiyar daji ba. Da akwai irin wannan yarda a tsakaninsu, da ba ku zo zaurena ba."

Cindo ya dubi Arzika. "Baba, ka ji yadda ake zaginmu cikin ladabi?"

"Na ji, ɗana. Kuma gaskiya ce."

Alƙali ya ce, "Saura abu guda. Ban ce lalle wane ya ɗauki wane rabo ba. Duk wanda ya ga rabon wani ya fi nasa, ya faɗa yanzu, in ɗayan ya yarda ku yi musaya."

Jatau ya dubi saiwar ƙirya. Ya auna rabon Cindo, ya ga goronsa ne zai zauna a bakin ruwan da ke tasowa har ƙarshe. Ya auna na Arzika, ya ga jakunansa ne za su shiga gulbi lokacin da ya fi ƙarfi. Arzika ya auna na Jatau, ya ga ba shi da barorin da za su tsare masa komai a can ba ya nan. Cindo kuma ya san kayansa ne mafi ƙanƙanta, su za su fi saurin fita in ruwa ya matsa. Kowa ya ga ƙaya a rabonsa, amma ya ga ta maƙwabcinsa ta fi tsini a ƙafarsa. Ba wanda ya ce a sake.

Washegari da sassafe aka fara. Abin da alƙali ya lura da shi, ba wanda ya sa aka yi gaggawa, amma aka yi. Barorin Jatau suka riƙa tura jakunan Cindo kamar na ubansu, don jirgi ba ya tashi da kayan maigidansu sai da jaki a gefe. Cindo ya tuɓe riga yana jera huhunan Arzika, yana daka wa masu ɗauka tsawa kada su jiƙa su, don sai an gama da su za a zo kan nasa. Arzika yana can ƙetare yana tarbar jakunan Jatau da tsumma yana goge musu kunne. Kowa don kansa yake yi, kuma aikin kowa ya faɗa a kan ɗan'uwansa.

Jatau shi kaɗai bai taɓa komai ba. Ya shimfiɗa buzu a gindin ƙirya, ya ƙura wa wancan gaci ido. Duk huhun da aka sauke sai ya ɗaga wuya. Cindo in ya zo wucewa yakan ce, "Maigida, a kawo maka fura? Ko ka ƙoshi da kallo?" Jatau ya ce, "Za mu haɗu a kasuwa."

Da aka zo kan kashi na ƙarshe, Arzika ya dawo wannan gaci wajen jakunansa. Nan fa sama ta haɗa hadari daga gabas, gulbi ya yi ja, ruwa ya fara hawa kan saiwar. Jakunan Arzika suka riƙa fita da ƙyar. Barori duka suka koma ƙetare suna tarba, don igiyar ruwa tana kai jirgi ƙasa da mashigi, sai an jawo shi. A wannan gaci ba sauran kowa sai alƙali, da Sarkin Jirgi da matuƙansa, da fataken uku, da huhunan Cindo na ƙarshe, da wata tsohuwar jaka ta Arzika, wadda ta kafe ƙafafu a cikin laka ta ƙi gaba ta ƙi baya.

Aka jera kayan. Jatau ya naɗe buzunsa ya shiga jirgi ya zauna, ya tattare rigarsa. Cindo yana ja daga gaba, Arzika yana turawa daga baya, jakar ko gezau.

Sarkin Jirgi ya nuna saiwar da sandar tuƙi. "Allah ya gafarta Malam, ta nutse. Wannan shi ne jirgin ƙarshe, kuma yanzu zai tashi, da jaka ko ba jaka."

Arzika ya miƙe yana haki. Ya shafa wuyan dabbar. "Ita ce ta farko da na saya bayan asarar da na faɗa maka, Malam. A kanta na tashi. Amma ba zan tsayar da mutane don tsohuwar jaka ba." Ya juya wajen jirgi. "Jatau, na yafe sharaɗin. Malam shaida ne. Mu tafi, a bar ta a nan."

Alƙali ya ce, "Mai hakki ya yafe. Babu sauran hukuncina a kan kowa."

Ya faɗi haka yana kallon Jatau. Yanzu ba abin da ya ɗaure shi. Goronsa yana can, jakunansa suna can, shi yana cikin jirgi, kuma kowane jinkiri kasada ce a gare shi. Jatau bai dubi alƙali ba. Arzika yake kallo, yadda yake kwance wa jakar igiya a hankali, da hannuwan da suka wuni suna goge kunnen jakunan da ba nasa ba.

Sarkin Jirgi ya matso kusa da alƙali ya ce, "Hukuncinka ya fitar da ayari, Malam. Amma ni har yanzu ban sani ba, mutanen kirki ne ko dabara ce ta riƙe su?"

Alƙali ya ce, "Ni ma ban sani ba. Abin da na sani, amana tsiro ce. Ba a ɗora wa tsiro kaya, shinge ake yi masa. In kana son mutane su riƙe alkawari, kada ka fara da neman su canza zuciya. Ka gyara zaman kayansu, yadda mai tsayawa ba zai zama wawa ba, mai gudu kuma ba zai ci riba ba. Abin da ya tsiro a bayan shinge kuwa, wannan na Allah ne."

Bai rufe baki ba suka ji jirgi ya girgiza. Jatau ne ya miƙe. Ya cire rawani ya ajiye a kan huhun Cindo.

"Baba Arzika, mayar mata da igiyar. Kai kuma, bawan gidanmu, ja da ƙarfi, ba surutu ake nema ba. In ka ba da labarin nan a kasuwa, sai na sayar da kai."

"Maigida, wandonka fa?" in ji Cindo.

Jatau ya dafa bakin jirgi ya dira, ruwa ya kai masa ƙugu. Ya ratsa laka ya zagaya bayan jakar, ya sa kafaɗarsa kusa da ta Arzika, ya ce, "Bismillahi," ya tura.